Lallen da Kika Shuka a Saman Bene

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka shi. Mu nan Alƙahira kowa lafiya. Abban Ummi ƙafarsa ta yi sauƙi, har ya koma hawa benenmu ba tare da ya tsaya hutawa a tsakiya ba. Zafi ne dai ake yi mai tsanani, amma mangwaro ya cika kasuwa, irin ƙananan nan masu zaƙi da kika ce sun fi na gida, sannan kika ce kada in faɗa wa kowa a Kazaure kin faɗi haka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne takwararki. Ummi ta gama sakandare, ta nemi gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Amurka, kuma an ba ta. Baffanta yana garin da jami'ar take, shi da iyalinsa, a ɗakin 'ya'yansa mata za ta zauna. Abbanta ya yi istihara ya ce hankalinsa ya kwanta, amma ba zai yanke ba, maganar tana hannuna. A lokacin jami'ar tana jiran amsa, Ummi tana jiran tawa. Ina so in faɗa miki yadda aka yi na kai ga amsar da na ba ta, domin ke ma kina ciki.

Na san abin da za ki fara cewa. Misira ba ta ishe ku nisa ba?

Sai na ɗan koma baya kafin ki gane inda tsorona ya fito. Kin san ni da littafi tun ina ƙarama. Ke ce kike cewa in an neme ni an rasa a duba bayan rumbu. Da na yi aikin jarida a Kaduna, editanmu ya horar da ni a kan magana ɗaya: abin da idonki bai gani ba, kunnenki bai ji ba, kada alƙalaminki ya rubuta. Da wannan tarbiyya na iso Alƙahira, ba na jin Larabcin titi, ba ni da kowa sai miji da yake wuni a wurin karatu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya kasuwar Ataba sukan nemi in raka su, ni kuma sai in bar su suna ciniki da masu abaya, in zame zuwa layin masu sayar da tsofaffin littattafai. A nan na fara tsintar ƙagaggun labaran Amurkawa, takardunsu sun yi ja, wasu da rubutun fensir na wanda ya riga ni karantawa. Na fara ne don kada Turancina ya yi tsatsa. Daga baya na ci gaba don wani abu da na gani a ciki.

Abin da na gani, Inna, kunya ce. Ba za ki yarda ba, tunda abin da ake faɗa mana game da su ke nan cewa ba su da ita. Amma nagartattun marubutansu ba sa son faɗin abin da ke zuciyar mutum kai tsaye. Marubucin ba zai ce miki wannan matar tana kewar ɗanta ba. Zai ce kullum in magariba ta yi tana kunna fitilar baranda, ta bar ta a kunne, alhali kowa na gidan ya riga ya shigo. Sai ya wuce zuwa wata magana, ya bar ki da fitilar. Malaman adabinmu suna kiran wannan alamtarwa, wato a ɗora ma'ana a kan wani abu da ido ke gani, a bar shi ya yi magana a madadin baki. Ni kuwa ranar da na fara gane shi, ke na tuna. Ni ce 'yar fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yabona a gaban mutane ba. Amma duk ranar da aka dafa shinkafa da wake, ƙanzon yana cikin ƙaramin kwano a bayan randa, an rufe da faifai, kuma duk gidan an san na waye.

Da na daɗe ina karanta su sai na lura abubuwan da suke ɗora wa ma'ana ba su da yawa, kuma suna ta dawowa. Hanya. Kogi. Jirgin ƙasa mai kuka daga nesa. Daji. Shingen da ke raba gida da gida. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasa ce ta mutanen da wasu suka zo da ƙafarsu, wasu aka kawo su a ɗaure, wasu kuma aka tarar da su aka kore su daga inda suke. Kowa a cikinsu yana da lissafinsa da tafiya, shi ya sa in suka ɗauki alƙalami hanya ce ke fara fitowa.

Shekarun baya-bayan nan wasu ɗalibai mata, 'yan gida masu karatun addini a nan, suka roƙe ni in riƙa karanta musu Turanci. Muka sa ranar Alhamis bayan la'asar, a saman benenmu na unguwar Ard al-Liwa, inda iska ke kaɗawa kuma ake ganin tantabarun maƙwabta suna zagaye. Su zo da shayi a fulas da 'ya'yan kabewa soyayyu, mu shimfiɗa tabarma kusa da randar da kika shuka lalle a ciki. Akwai wata a cikinsu, Sumayya, 'yar Gombe, mai karatun balaga da tafsiri, kaifin ƙwaƙwalwa kamar reza, ga baki. Ita ce ta fi ba ni aiki.

Kin san littattafan fassarar mafarki da malamai ke dubawa, inda aka ce maciji maƙiyi ne, madara ilimi ce, faɗuwar haƙori rasuwar dangi ce. Da wannan ido Sumayya ta zo wa adabin Amurka. Muna gama wani labari da kogi ya ratsa shi daga farko har ƙarshe, sai ta gyara zama ta ce, “To Anti, kogi me yake nufi a wurinsu? A faɗa mana mu haddace.”

Mako na gaba na kawo wani labarin. A na farko kogi mafita ne, wanda aka matsa wa a gari yana faɗa masa ya sha iska, babu mai ce masa yi ko bari. A na biyu kuma kogin nan dai shi ne hanyar da ake bi a kai bawa kasuwa can kudu, uwa tana tsaye a gaɓa tana kallon jirgin da ya ɗauki ɗanta. Sumayya ta juya takardun, sannan ta ce, “Wannan ai karo ne. Dole ɗaya ya shafe ɗaya. Wanne ne nasihi, wanne ne mansuhi?” Wato irin yadda suke koyo a makaranta, hukuncin da ya zo daga baya ya ɗauke na farko. 'Yan matan suka yi ta dariya har shayi ya zube a tabarma. Na ce mata babu wanda ya shafe wani. Kafin ki tambayi me kogi yake nufi, tambayi ƙafar wa ke cikin ruwan, kuma wa ya sa shi shiga.

Haka muka yi da daji. Ga masu tsananin addinin da suka fara kafa garuruwa a can, daji mazaunin Shaiɗan ne, wanda ya shiga ba ya fitowa da imaninsa cikakke. Ga marubutan da suka zo bayansu, wurin halwa ne, inda mutum ke zuwa ya wanke kansa daga hayaniyar kasuwa. Ga bawan da ya gudu, maɓoya ce. Ga mutanen da aka tarar, gida ne kawai, ba alamar komai ba. Haka muka yi da bargon da matan karkararsu ke haɗawa da ƙyallayen tsofaffin tufafi, wannan yankin rigar miji, wancan na zanen kaka. Wata ta rataye shi a bango don ado, wata ta lulluɓa da shi don sanyi, kuma rigimar wacce ta fi girmama shi tana iya cinye labari guda. Sumayya ta ce wannan adabi ba shi da ladabi, ba ya tsayawa a haddace shi. Amma ba ta taɓa fashin Alhamis ba.

Ina faɗa miki wannan duka ne don ki ga irin malamar da na ɗauki kaina. Sai takardar Ummi ta zo.

Ranar na ce wa Abbanta ni na san ƙasar nan, na karanta ta. Ya ce, “Littattafanta kika karanta.” Na ƙyale shi. A raina kuwa ina ta jero labaran da na sani, kuma duk wanda na ɗauko, wanda ya hau hanya a cikinsa bai dawo ba. Wanda ya dawo ma ya dawo baƙo, yana zaune a teburin uwarsa kamar wanda aka gayyata. Hanya a wurinsu rabuwa ce, haka na yanke, kuma ban ji kunyar Sumayya ba da nake yankewa.

Ba lalacewa nake tsoron mata ba, Inna. Kin san tarbiyyarta, kuma gidan baffanta gida ne. Tsorona shi ne yarinyar ba ta da ƙasa. A gidan haya aka haife ta, da takardar zama ta girma, wadda ake sabuntawa ana bin layi. Hausarta rabi Larabci ce, in na yi mata faɗa sai ta ce, “Halas Mama, ma'alish,” wato shi ke nan, ki yi haƙuri. Da muka kai ta Kazaure yara suka riƙa bin ta suna cewa Balarabiya. A nan kuma kowa ya kalli fatarta ya tambaye ta daga ina take. Ni in an tambaye ni garinmu, na san bayan ɗakin da aka binne cibiyata, har bishiyar da ke wurin na sani. Ita fa? Wanda ba shi da inda zai nuna, in ya tafi, me zai jawo shi ya dawo, kuma ina zai dawo?

Kin tuna zuwanki wankan jego? Shi ne hawanki jirgi na farko. Kika sauka da buhu cike da kanwa da yaji da kuka da daddawa, har ma'aikacin filin jirgi ya toshe hanci, ke kuwa kika tsaya kina kallonsa kamar shi ne abin kallon. Kika dafa ruwan wanka a kan gas a ɗan banɗakin nan da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Asibiti ba su ba mu mabiyiya ba, ba su ma gane abin da ake tambaya ba. Kin ji zafin wannan, na gani a fuskarki.

Kafin suna cibiyar ta faɗi. Kika naɗe ta a farin ƙyalle, kika fita baranda kina duba inda za a binne. Babu. Bene ne ke jingine da bene, ƙasan kuma siminti da kwalta, ko tafin hannu na ƙasa babu wanda za a ce namu ne. Abban Ummi ya ce ki tafi da ita Kazaure ki sa a bayan ɗakinki, inda namu suke. Kika ƙi. Kika sauka wurin maigadin benen, Ammu Ramadan, ke ba Larabci shi ba Hausa, kuka yi ta nune-nune da hannu har ya fito miki da wata tsohuwar randar ruwa mai tsagaggen baki. Lokacin akwai sauran gonaki a bakin unguwar, kafin gini ya cinye su. Can kika sa aka ɗebo ƙasa. Kika kwance bakin mayafinki, ashe kin ƙullo irin lalle tun daga gida. A saman bene kika binne ƙyallen a randar, kika watsa irin a kai, kika yi bisimilla kika zuba ruwa.

Ni a lokacin jiki ba ƙarfi, barci ba ya isata. Na ɗauka rashin yadda za a yi ne ya sa, dabara ce ta baƙuwa a garin da babu ƙasa. Shekara da shekaru ina kallon lallen nan a haka, abin tausayi, bishiyar da aka hana ta ƙasa. In sanyi ya zo ta zubar da ganye, in zafi ya dawo ta tofo. Ummi ce ke ba ta ruwa tun ba ta iya ɗaukar buta da hannu ɗaya ba, kuma ta san abin da ke ciki, domin na faɗa mata.

To, ana cikin jiran amsata, mai gidan hayar ya yanke shawarar ƙara hawa ɗaya a saman benen. Ammu Ramadan, wanda yanzu ya tsufa har ɗansa ke yawancin aikin, ya hawo da kansa ya ce, “Ma'alish ya madam,” a kwashe komai kafin magina su zo. Ranar Alhamis ce, 'yan matan suna nan. Muka naɗe tabarma. Ni da Ummi muka kama randar, Sumayya ta riƙe rassan kada su karye, muka fara sauka a hankali, domin nauyinta ya wuce yadda muka zata. Mun kai kwanar matakala, sai gindin randar ya buɗe. Ba faɗuwa ta yi ba, a hannunmu ta rabu, ɓangare ya tafi nan, ɓangare can, ƙasa ta gangara har hawa na ƙasa.

Na yi salati, kuma a cikin raina na ce to ga amsa ta zo. Ana maganar tafiyar yarinya, randar cibiyarta ta fashe a hannun uwarta. Wace alama ake nema bayan wannan?

Ina jin fuskata ta nuna, domin Sumayya, tana riƙe da rassan, ta kalle ni ta gefen ido ta ce, “Anti, fashewar randa me take nufi? A faɗa mana mu haddace.”

Babu wanda ya yi dariya sai Ummi. Ta ce, “Mama, randar nan fa ta girme ni, kuma tun farko a tsage take. Yalla, maza a miƙo bokiti.”

Na durƙusa a kan matakalar ina tona ƙasar da hannu, ina neman ƙyallen. Babu ƙyalle, babu komai, sun daɗe da zama ƙasa. Abin da na tarar saiwa ce. Ta yi ta zagaye cikin randar shekara da shekaru har ta ɗauki siffarta, ta dunƙule ta riƙe ƙasar tsakiya gam. Abin da ya zube na gefe ne. Randar ta tafi, amma ga siffarta a tsaye a hannun Ummi, ana iya ɗauka a kai duk inda ake so.

A nan maganarki ta dawo mini, wadda kika faɗa wa Abban Ummi ranar da kika ƙi tafiya da ƙyallen. Na ji ta a lokacin, ina kwance, amma ban ajiye ta ba. Kika ce, “Ni ban san inda Allah zai zaunar da yarinyar nan ba, ku ma ba ku sani ba. In na kai Kazaure na ɗaure ta a inda ba ta sani ba. A sa a abin da ake iya ɗauka.”

Ashe ba rashin ƙasa ba ne. Zaɓa kika yi.

Akwai wani hoto da ke yawan fitowa a labaran waɗanda suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka da keken doki. Namiji yana lissafin gatari da bindiga da iri, mace kuma ta yanko reshen furen ƙofar gidan uwarta ta dasa a gwangwani, ta riƙe a cinya, tana rage ruwan shanta tana ba shi. Na sha karanta wannan, kuma kullum baƙin ciki nake gani, mace an raba ta da gida tana riƙe da guntunsa. Ban taɓa tambayar wa ya yanko mata reshen ba, da wace niyya. Wataƙila uwar ce ta yanko, kuma ba tana cewa kada ki tafi ba. Tana cewa ne tafi, ga abin da za ki fara da shi.

Sumayya ta ce mini daga baya, muna share matakala, a karatunsu an hana mutum ya ga tsuntsu ya tashi hagu ya fasa tafiya. Na ce na sani. Bambancin da na kasa gani a kwanar matakalar nan shi ne wanda nake koya musu kowace Alhamis. Fashewar randa ba wanda ya shirya ta, tsufa ne da nauyi, tsorona ne ya ɗora mata magana, wannan kuwa camfi ne. Binne cibiya a randa kuma mutum ne ya yi da hannunsa, yana sane, yana nufin wani abu. Marubutan da nake so haka suke aiki. Ba sa jiran kogi ya faɗa musu ma'anarsa, su ne ke ɗora mutum a kai su ga abin da zai zama. Ke ba ki taɓa riƙe alƙalami ba, amma da randa da irin lalle kika yi aikin nan, ni kuma na yi shekara goma sha takwas ina wucewa ta gabansa ban karanta ba.

Ban ba Ummi amsa ranar ba. Muka dasa lallen a babban bokitin fenti da Ammu Ramadan ya huda wa gindi, muka ajiye a baranda. Cikin 'yan kwanaki ganyen ya zube tas, sai ƙirare tsirara. Zuciyata ta fara raya mini in jira, in ya tofo ta tafi, in ya mutu ta zauna. Sai na ga ai wannan ma camfin ne ya sake shigowa ta taga. In zan amince, in amince yanzu da bishiyar ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Da safe muna karyawa da wake da gurasa, Abbanta yana duba wayarsa, na ce mata, “Ki amsa musu.” Ba ta ɗago ba. Ta gama tauna lomar da ke bakinta, ta ce, “Tamam,” wato to, ta tashi ta shiga kicin. Muka ji ta buɗe famfo, ruwa yana ta zuba, alhali kofi ɗaya ne a wurin wanke-wanken. Abbanta ya kalle ni, na kalle shi, muka ci gaba da cin abinci. Jininki ce, Inna. Ita ma ba ta faɗa da baki.

Lallen ya tofo daga baya, da zafi ya kama sosai. Na faɗa miki ne don ki sani, ba don yana nufin wani abu ba. Ganyen ma ya fi na da faɗi, wataƙila bokitin ya fi randar sarari.

Ranar Juma'a mai zuwa za ta tashi. Makon jiya muka tsinke ganyen muka shanya a kan faifai, na daka a ɗan turmin da kika bari. Jiya aka yi mata ƙunshi. Na kira Hajja Nafisa daga unguwar Arba wa Nus, Bahaushiyar Sudan ce mai zanen lalle, kakanninta sun bar ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka suka zauna a hanya, ita kuma yaƙi ya taso ta zuwa nan. Tana zana wa Ummi furanni a hannu tana tsokanata, wai an ce mini uwar amarya ce ke kuka, ashe har uwar ɗaliba. Na ce ban yi kuka ba. Ta ce, “To ki daina kallon silin.” Da ta ji inda za a je, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, “Mu ai hanya ce garinmu, ya binti, 'yata. Ki dai riƙe salla, ki riƙa kiran uwarki.”

Zanen hannu na Hajja Nafisa ne, amma farce na ce a bar mini. Na kwaɓa namu, na bishiyarki, na ɗora mata a kowane farce na ɗaure da leda, kamar yadda kika yi mini daren da zan taho Misira. Na faɗa mata abin da kika faɗa mini, cewa fata tana saurin sakin lalle, farce ne ke riƙewa, ba ya gogewa sai dai ya tsiro ya fita. In jan ya kai rabi a aiko da labari mai tsawo, in ya kusa fita a fara shirin zuwa gida. Ta ce, “Mama, kullum fa za mu yi waya.” Na ce na sani, miƙo ɗayan hannun.

Sauran garin lallen na zuba mata a kwalba, Abbanta ya rubuta sunansa da Turanci a jiki saboda masu bincike a filin jirgi. Ƙasa ba a barin a shiga da ita, na tambaya. Ba komai. Bokitin yana nan a baranda, ni zan riƙa ba shi ruwa, Sumayya kuma ta ce in na yi tafiya ita za ta karɓa, da sharaɗin in daina ce mata komai ya danganta.

Ni ban samu zuwa ba kafin jan farcena ya fita, kin sani. Ya fita, wani farcen ya tsiro fari, ina nan ban motsa ba. Ba ki aiko da ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ke kika ɗaure buhunki kika hau jirgin da kike tsoro, kika zo. Na riƙe wannan ma. In nata ya fita karatu bai sake ta ba, zan tsinki ganye in daka, in bi ta da shi.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa ki da iyayenki da Baba a inuwa ɗaya. Allah Ya tsare takwararki a hanya da inda za ta sauka, Ya haɗa ta da mutanen kirki, Ya ba ta abin da ta je nema, Ya zaunar da ita inda ya fi mata alheri, ko kusa da ni ko nesa. Mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.

Taki har kullum,
'yar farinki, mai ƙanzon bayan randa,
daga Ard al-Liwa, Alƙahira.